Yadda ake gane fayil na ƙwarai da mai birus kafin a buɗe shi

Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokopi a nan Maradi, kuma tun da aikin ba ya riƙe gida shi kaɗai, ina haɗawa da gyaran kwamfuta, wadda yawancinmu ke ce wa odinatar. Ranar da ciniki ya buɗe, kile, wato ɗan abin USB da ake ɗaukar takardu a ciki, goma ko ashirin na iya shiga injina kafin la'asar: na ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ya zo fitar da memuwar, na yaron Alhaji da aka aiko daga babbar kasuwa da faktir, na malamin makaranta mai takardun jarrabawa. Kowane ɗaya kuwa ya kwana gidaje da yawa kafin ya iso wurina. Shi ya sa tambayar da na fi amsawa ita ce, "Malam, wannan abin da na gani, birus ne ko na kwamfutar ne?"

Abin da zan gaya maka shi ne abin da nake gaya wa duk yaron da ya zo koyon aiki a shagon. Fayil, ko fishiye in ka fi sabawa da haka, baƙo ne. Baƙon da ba ka sani ba a zaure ake tsayar da shi, a ji daga ina ya fito, wa ya aiko shi, a dubi takardunsa. Danna shi sau biyu kuwa, ka buɗe masa ƙofar cikin gida ke nan. Mafi yawan birus ɗin da ke yawo a garin nan ba ya iya komai sai an yi masa wannan dannawar. Muddin yana zaure, kana da lokacin bincike, ko kwana uku kake so.

Kayan aiki

Kwamfutar da za ka yi binciken da ita, ta zama wadda kai kanka ka yarda tana da lafiya, kuma batirinta da caji, don kada wuta ta ɗauke maka a tsakiyar aiki. Antibirus da aka sabunta kwanan nan. Wanda ke zuwa cikin Windows 10 da 11, wato Microsoft Defender, ya isa. Ɗan forfe na intanet, ko mega ɗari ne. Kile guda ko diski na waje mai tsabta, wurin kwashe takardu. Sai manhajoji biyu na kyauta daga shafin Microsoft, Process Explorer da Autoruns. Ƙanana ne, ba a girka su, daga kile ma suna tashi. In ba ka da su, Windows na da nata kayan da za su kai ka nesa.

Kwamfutocinmu yawanci da Faransanci suke, amma waɗanda aka shigo da su ta Jibiya daga Katsina ko Kano da Ingilishi suke zuwa. Zan riƙa faɗin sunan wuri da harsunan biyu inda ya kamata.

1. Tambayi asalinsa

Wa ya ba ka shi? Kai ka nema, ko shi ya zo da kansa? Kana jiran faktir daga mutumin nan ne? In saƙon ya zo da sunan abokin cinikinka na Kano ko na Kwatano, ɗauki waya ka kira shi da lambar da ka daɗe da sani, ba wadda ke cikin saƙon ba. Akwatin imel ɗinsa ko WhatsApp ɗinsa na iya kasancewa a hannun wani ba tare da ya sani ba. Saƙon da ke ta garaje, "buɗe yanzu, gobe an rufe", da wanda ke yi maka albishir ɗin aiki ko tallafin da ba ka taɓa nema ba, su biyun nan na fi zargi.

Rabin shari'o'in da ake kawo mini a nan suke ƙarewa.

2. Sa Windows ta nuna maka wutsiyar suna

Kusan kowane fayil yana da wutsiya: yawanci haruffa uku ko huɗu bayan ɗigon ƙarshe na sunansa, kamar .pdf ko .jpg ko .exe. Da ita Windows ke sanin abin da za ta yi in ka danna. Abin haushi, daga masana'anta Windows ke zuwa da wutsiyar a ɓoye. A watan Mayun 2000, birus ɗin nan da ya fito daga Filifin ya zagaye duniya da sunan wasiƙar soyayya, LOVE-LETTER-FOR-YOU.TXT.vbs. Mutane suka ga TXT, suka ɗauka rubutu ne, alhali .vbs ɗin na ƙarshe ya ɓuya. Har yau da dabarar ake cin mutane.

A Windows 10, buɗe kowane dosiye, wanda ƴan Najeriya ke ce wa folda, ka hau Affichage ko View, ka sa alama a Extensions de noms de fichiers da Éléments masqués, wato File name extensions da Hidden items. A Windows 11 suna ƙarƙashin Afficher, sannan Afficher kuma. A Windows 7, bi ta Organiser zuwa Options des dossiers, ka cire alamar da ke kan Masquer les extensions des fichiers dont le type est connu. A cikin Options ɗin nan akwai wani layi, Masquer les fichiers protégés du système d'exploitation. Cire masa alama shi ma na ɗan lokaci, domin birus ɗin kile a ƙarƙashin wannan mayafin yake ɓoye kayan mutane. In ka gama ka mayar.

Sannan ka sa dosiye ɗin ya jera abubuwa a tsarin Détails, don ka ga nau'i da girman kowane abu a gefensa.

3. Karanta wutsiyar, ka manta da hoton

Ɗan hoton da ke gaban fayil riga ce kawai. Wanda ya ƙera birus na iya sa masa jar rigar PDF ko ta dosiye mai ruwan ɗorawa. Wutsiyar ƙarshe ita ce gaskiya.

Waɗannan duk masu tashi su yi aiki ne, ba na karantawa ba: .exe, .scr, .com, .pif, .bat, .cmd, .vbs, .js, .wsf, .hta, .msi, .ps1, .jar. Ba cewa na yi duk mai wannan wutsiyar mugu ne ba, ai Chrome ma .exe ne. Abin lura shi ne saɓani. An ce maka faktir ne, ka ga Facture.pdf.exe. An ce hotunan biki ne, ka ga .scr. Takarda ba ta zama .exe, hoto ba ya zama .js, kuma babu wani bayani da zai gyara wannan. Wasu sukan jera sarari mai tsawo tsakanin .pdf da .exe don wutsiyar ta faɗa can gefen da ido ba ya kai wa. Dubi layin Type: in ya ce Application, an gama magana.

Dosiye na gaskiya ba ya da wutsiya, kuma a tsarin Détails ba a rubuta masa girma. In ka ga "dosiye" mai nauyin kilo ɗari uku, wato Ko ko KB a layin girma, nau'insa Application, kura ce da fatar akuya.

Ƙunshi irin su .zip, .rar, .iso da .img, abin da ke cikinsu ake tambaya. Wanda aka kulle da kalmar sirri, aka kuma rubuto maka kalmar cikin saƙon da ya kawo shi, ba don kare sirrinka aka yi ba. An yi ne don antibirus ya kasa leƙawa.

4. Leƙa cikinsa ba tare da ka tashe shi ba

Wannan dabara ba ta bukatar intanet. Buɗe Bloc-notes, wato Notepad, tukuna, sannan ka jawo fayil ɗin da linzami ka saki a cikinsa. Za ka ga tarkacen haruffa, kada ka damu, na farkon layi kawai kake nema. PDF na gaskiya da %PDF yake farawa. Takardun Word da Excel na zamani, da zip, da PK suke farawa. Rar da Rar! yake farawa. Manhajar Windows kuwa da MZ take farawa, kuma ɗan ƙasa kaɗan yawanci za ka ga jimlar nan, This program cannot be run in DOS mode. Duk abin da aka ce maka takarda ne ko hoto, ka ga MZ a bakinsa, ka kama shi dumu-dumu.

In .vbs ne ko .js ko .bat, rubutu za ka gani. Na ƙwarai yakan karantu ko da ba ka gane shi ba. Na mugunta yakan zo da dogon layin lambobi da haruffa a cakuɗe, an dagula shi da gangan. Rufe Bloc-notes ba tare da ka ajiye komai ba. Kada ka gwada wannan da fayil mai nauyin ɗaruruwan mega, kwamfutar za ta daskare.

5. Kile da ya koma rakursi

A nan zan daɗe, don shi ne ciwon garin nan.

Wata ɗaliba ta shigo mini kwana biyu kafin ta ajiye memuwar ɗinta, idonta ya yi ja. "Malam, don Allah duba mini, komai ya tafi." Na sa kile ɗin. Dosiyoyinta duk suna nan da sunayensu, amma kowanne da ƴar kibiya a gindinsa, kuma nauyin kowanne kilo ɗaya ko biyu. Na ce, "Ƙanwata, kwantar da hankalinki, kin danna ɗaya daga cikinsu?" Ta ce ta danna duka, a kwamfutarta da ta ƙawarta. Wato kwamfuta biyu ke nan sun kamu.

Ga abin da ke faruwa. Birus ɗin ba ya goge kayanka. Ɓoye su yake yi, ya ajiye rakursi, wato ƴar hanyar yanke, mai sunan kowane dosiye a madadinsa. Ka danna, sai ya fara tayar da kansa a ɓoye, sannan ya buɗe maka dosiyen gaskiya don kada ka farga. Wani irin kuma rakursi ɗaya tak yake bari mai sunan kile ɗin kansa, ya tura komai cikin wani dosiye marar suna. Haka Gamarue ke yi, wanda ake kuma kira Andromeda. A ƙarshen 2017 hukumar FBI da Europol da Microsoft suka rushe cibiyoyin da ke juya shi, amma ɓurɓushinsa bai daina bin kile-kile ba. Tun daga Windows 7 Microsoft ta hana kile tayar da manhaja da kansa in an soka shi, shi ya sa masu birus suka koma ga yaudarar hannunka.

Wutsiyar rakursi, .lnk, ba ta fitowa ko ka yi mataki na biyu. Da kibiyar ake gane shi, da kalmar Raccourci ko Shortcut a layin Type. Danna shi da maɓallin dama, sau ɗaya, ka zaɓi Propriétés, ka karanta layin Cible ko Target. In ka ga cmd.exe, wscript, rundll32, powershell ko msiexec da wani dogon zance a bayansu, birus ne. Dama babu abin da rakursi ke yi a cikin kilen da kai ka zuba wa takardu.

Don fito da kayan, a kwamfuta mai lafiya: dubi harafin da Windows ta ba kile ɗin, mu ce E. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, ka shiga. Sai ka rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Ka canza E da harafin naka, kuma ka tabbata ba C ka sa ba. Dosiyoyin gaskiya za su bayyana. Kuskuren da yara ke yi shi ne su ɗauka sun kashe birus. Wannan umarni yaye mayafi kawai yake yi. Dole ka goge rakursin duka da duk wani .vbs, .js ko .exe da ba kai ka sa ba. In ka goge, bayan daƙiƙa biyar suka dawo, to kwamfutar da kake aikin da ita ce ke haifar su.

Kada kuma garin neman gira a rasa ido. In ka yaye mayafin za ka ga wasu abubuwa da ba ka sani ba, kuma na gida ne: System Volume Information, $RECYCLE.BIN, desktop.ini, Thumbs.db, da ƙananan fayiloli masu farawa da ~$ waɗanda Word ke ajiyewa lokacin da takarda ke buɗe. A katin waya za ka ga DCIM da Android da LOST.DIR. Ƙyale su.

6. In a cikin kwamfutar ka gan shi: dubi sunan da kyau, dubi gidansa

Sau da yawa ba fayil aka kawo ba, wani suna ne mutum ya gani yana aiki, hankalinsa ya tashi. Danna Ctrl da Maj da Échap tare, ko Ctrl da Shift da Esc, Gestionnaire des tâches zai buɗe. Danna sunan da dama, ka zaɓi Ouvrir l'emplacement du fichier, wato Open file location.

Kama da wane ba ta wane. svchost.exe na Windows ne, kuma ganinsa da yawa a jere, ko sun kai hamsin, ba komai ba ne. Amma scvhost, ko svch0st mai sifili, ɗan kwaikwayo ne. Na gaskiya a C:\Windows\System32 yake zaune, ko SysWOW64. lsass.exe guda ɗaya ne tak, a System32. explorer.exe a C:\Windows. Manhajojin da ka girka yawanci suna Program Files. In ka ga mai sunan Windows yana zaune a AppData, ko Temp, ko ProgramData, ko Téléchargements, to sunan aro ya ɗauka. Wasu manhajoji na ƙwarai, kamar Zoom da Telegram, suna zama a AppData, amma cikin dosiye mai sunansu, kuma da sa hannunsu.

wscript.exe na Windows ne, amma in ka gan shi yana aiki kai ba ka tayar da komai ba, wani rubutun birus yake ɗauke da shi. Process Explorer zai nuna maka wane ne in ka ɗora linzami a kan sunan. Autoruns kuma yana jera duk abin da ke tashi tare da kwamfutar. In ba ka da shi, danna Windows da R, rubuta shell:startup, sannan ka duba shafin Démarrage na Gestionnaire des tâches.

Kada ka goge komai daga System32 don sunansa bai yi maka ba. An sha kawo mini kwamfutar da ba birus ya kashe ta ba, mai ita ne.

7. Sa hannun mai shi

Danna dama, Propriétés, ka nemi shafin Signatures numériques ko Digital Signatures. Zaɓi sunan, danna Détails, ka ga ko ya ce sa hannun na da inganci. Chrome zai nuna Google LLC, Firefox zai nuna Mozilla Corporation, VLC zai nuna VideoLAN. Fayil da ke da'awar daga babban kamfani yake, amma babu wannan shafin, ko sunan wani kamfani ne da ba ka taɓa ji ba, a ajiye shi gefe. Kada ka ruɗu da shafin Détails na Propriétés inda ake rubuta sunan kamfani da haƙƙin mallaka. Kowa na iya rubuta Microsoft a wurin.

Abu biyu na kiyayewa. Fayilolin Windows da yawa ba sa nuna shafin, saboda a wani kundi daban aka sa musu hannu. Process Explorer na iya tantance su. Kuma sa hannu shaida ce mai ƙarfi, ba rantsuwa ba. A 2017 an kutsa wa masu CCleaner, aka cusa birus cikin sigar 5.33, ta fita da sa hannu na gaskiya, mutane sama da miliyan 2 suka girka ta.

8. Antibirus na gida

Sabunta shi tukuna, sannan ka danna fayil ɗin da dama ka zaɓi Analyser avec Microsoft Defender. Antibirus ɗin da ya shekara bai ga intanet ba, maigadi ne mai barci, kuma wanda aka yi wa kirak, wato aka fasa lasisinsa don ya yi aiki ba tare da an biya ba, ya fi shi muni. Smadav, ɗan Indunusiya da kowa ke so a nan, yana taimakawa wajen kile, amma mataimaki ne, ba ya maye gurbin babban.

In kwamfutar ba ta da rezo, je inda akwai, ka sauko da Microsoft Safety Scanner a kile mai tsabta ka kawo. Kwana 10 yake yi ya daina aiki, sai an sake sauko da sabo. Ka kuma san cewa Microsoft ta daina gyara Windows 7 tun Janairun 2020, tallafin yau da kullum na Windows 10 kuma ya ƙare a Oktoban 2025.

Akwai wani abu da mutane ba su sani ba. Fayil da ka sauko daga intanet, Windows na manna masa wata alama a ɓoye, wadda ke sa ta yi maka kashedi kafin ya buɗe. In ya bi ta kile mai tsarin FAT32 ko exFAT, kamar yadda yawancinsu suke, alamar ta faɗi. Don haka shirun Windows a kan abin da ya fito daga kile ba wanke shi ba ne.

9. Kai shi gaban alƙalai da yawa

Shafin virustotal.com wani kamfanin Sifen ne ya buɗe shi a 2004, Google ya saye shi a 2012. Yana gwada fayil da antibirus wajen saba'in a lokaci guda, kyauta, har mai nauyin mega 650.

Kafin ka ɗora komai, ji wannan: abin da ka ɗora ya bar hannunka. Masu bincike da kamfanonin da ke biyan kuɗi na iya sauke shi. Kada ka ɗora memuwar ɗin wani, ko lissafin shagon Alhaji, ko hoton katin ɗan ƙasa.

Hanyar da na fi so, wadda ba ta cin forfe kuma ba ta tona asiri, ita ce ta zanen yatsa. Kowane fayil na da lamba tasa mai haruffa 64 da ake kira SHA256; ko ɗigo aka canza a cikinsa, lambar ta canza gaba ɗaya. Buɗe cmd, rubuta certutil -hashfile, bar sarari, jawo fayil ɗin ka saki a cikin baƙin allon, bar sarari, rubuta SHA256, ka shiga. Kwafi lambar, ka liƙa a wurin Search na shafin. In wani ya taɓa ɗora shi, sakamako zai fito nan take.

Karanta sakamakon shi ne aikin. In talatin ko arba'in sun yi ja, har da manya irin su Microsoft, Kaspersky, ESET da Bitdefender, babu sauran muhawara. In ɗaya ne ko biyu, waɗanda ba ka taɓa jin sunansu ba, kuma sun rubuta Generic ko Heur ko ML, fayil ɗin kuma daga shafin mai shi ka sauko, da sa hannu mai inganci, galibi ƙarar banza ce. Trojan, Worm, Ransom, Stealer da Backdoor manyan laifuka ne. PUA ko PUP na nufin manhaja mai naci, mai cika ka da talla. HackTool kuwa kayan fasa lasisi ne.

Sifili ma sai an duba. Shiga Details ka ga ranar da aka fara kawo fayil ɗin. Wanda ya shekara uku ana gwada shi babu wanda ya kama, ya sha bamban da wanda aka fara gani jiya da dare. Sabon birus na iya wuce alƙalan duka a ranar farko. Bar shi a zaure kwana biyu ko uku, ka dawo ka danna Reanalyze. In kuma shafin ya ce bai san lambar ba, alhali an ce maka sanannen abu ne kamar Chrome, wannan kansa amsa ce.

10. Takardun Word da Excel, da na waya

Takarda mai wutsiyar .docm ko .xlsm, ko tsohuwar .doc da .xls, na iya ɗaukar ƙananan umarni da ake kira makro. In ka buɗe takarda ta ce ba za ta karantu ba sai ka danna Activer le contenu, wato Enable Content, rufe ta. A 2022 Microsoft ta fara toshe makro na takardun intanet da kanta, amma Office 2007 da 2010 da suka cika shagunanmu ba su san zancen ba. In dole sai ka ga abin da ke ciki kuma ba sirri ba ne, ɗora ta a Google Drive ka karanta daga can.

.exe ba ya tashi a wayar Android, nata dafin .apk ne. Duk .apk da aka turo ta WhatsApp ko Xender da sunan katin gayyata, ko manhajar bashi, ko WhatsApp mai ƙarin ado, ba a girka shi. Nemi sunan a Play Store.

11. Yanke hukunci

Babu shaida ɗaya da ke isa. Haɗa su: asali, wutsiya, gida, sa hannu, alƙalai. In biyu sun yi saɓani, ni ba na ci gaba da wahala. Goge shi nake yi da Maj da Suppr, wato Shift da Delete, in je shafin mai manhajar in sauko da sabo, ko in ce wa mai takardar ya sake turowa a PDF. Masu Windows Pro da kwamfuta mai ƙarfi na iya gwada fayil cikin Windows Sandbox ko VirtualBox, amma wasu birus na gane suna cikin keji su yi lamo, don haka ban cika tura sabon hannu can ba.

Kirak shi ne inda ake yawan yi mini gardama. "Ai Malam, kowane kirak antibirus na kama shi, ƙarya yake yi." Wani lokaci haka ne. Amma kai ba ka da hanyar rabe kirak zalla da wanda aka yi wa ciko, kuma duk wanda ya ce ka kashe antibirus kafin ka girka, ya nemi ka kori maigadi ne. Wani mai ɗaukar hoton biki ya kawo mini kwamfutarsa bayan ya sauko da manhajar gyaran hoto ta banza. Hotunan aure huɗu da bai kai wa masu su ba, kowanne an ƙara masa wata baƙuwar wutsiya, ba ya buɗuwa, ga kuma wata takarda mai suna _readme.txt. Irin nan ne da ake kira STOP ko Djvu. Dala 980 suka nema, ko 490 in an biya cikin awa 72, kuma dalar Amurka ake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba. Dala 980 ɗin sama da jika ɗari biyar ke nan. Ya ce, "Yaya, ba abin da za a yi?" Abin da muka samu shi ne ɗan abin da ya rage a katin kyamara.

In ka riga ka danna

Cire intanet nan take, ka zare duk kile da diski na waje. Kada ka sake rubuta kalmar sirri a wannan kwamfutar. Daga waya ko wata kwamfuta, canza ta imel tukuna, sannan Facebook da sauran, domin irin waɗannan birus kan kwashe duk kalmomin da Chrome ya ajiye. Shiga Sécurité Windows, Protection contre les virus et menaces, Options d'analyse, ka zaɓi binciken da ake kira hors ligne ko Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi, ta yi kamar minti goma sha biyar tana bincike kafin Windows ta farka. Jona ta da caji. In an kulle maka fayiloli, kada ka goge su, kada ka yi gaggawar biya. Kwashe su a diski daban tare da takardar neman fansar, ka gwada shafin nomoreransom.org, wanda ƴan sandan Holan da Europol da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016. Akwai makullan wasu nau'o'in a can kyauta. In birus ya ci gaba da dawowa bayan duk wannan, kwashe takardu da hotuna kaɗai, ban da ko .exe ɗaya, a sake zuba Windows.

Kile ɗin ma haka: kwafe takardun zuwa dosiye a kwamfuta mai lafiya, bi su da antibirus, yi wa kile ɗin format, sannan ka mayar. Ɗalibar nan ta samu memuwar ɗinta cif, har da babi na huɗu da take kuka a kai. Na ce ta kawo kwamfutarta da ta ƙawarta kafin ta sake soka kile ɗin a ko'ina. Ta kawo tata washegari. Ta ƙawar ba ta zo ba, kuma bayan sati guda kile ɗin ya dawo mini da kibiyoyinsa.